Malam Mode da Muƙamuƙin Dillalin Albasa

Duk wanda ya saba bin hanyar asibiti a Wurno da sassafe ya san ƙarar babur ɗin Malam Mode tun kafin ya hango shi. Tsohon babur ne mai yawan tari, amma bai taɓa kai mai shi wurin aiki a makare ba. Idan Malam ya dawo daga masallaci yakan sha kununsa da ƙosai, matarsa Bilki ta cika masa fulas da ruwan zafi, ba don shayi ba, don aiki. Sai ya ɗaure jakarsa a baya, ya ɗaga wa masu shayin bakin hanya hannu, ya wuce.

Kafin ya buɗe ɗakinsa da ke can ƙarshen baranda, benci ya riga ya cika. Ga tsoho mai shanyewar ɓarin jiki, ga manomi mai ciwon baya, ga matar da karayarta ta warke amma hannu ya ƙi miƙewa. A ƙarshen benci kuwa ba a rasa mutum ɗaya ko biyu da suka tallabe kumatu, ko gaisuwa da kai suke amsawa. Waɗannan su ne mutanen muƙamuƙi, kuma ta dalilinsu ne sunan Malam Mode ya kai Rabah da Goronyo.

Aikinsa gashin ƙashi. Ya yi karatunsa ya dawo gida tun lokacin da mutane ba su san bambancinsa da mai ɗori ba. Ba ya allura, ba ya yanka, ba ya rubuta magani. Ya daɗe yana jin masu fita daga ɗakinsa suna gunaguni a baranda cewa wannan likita ko ƙwaya guda bai iya ba mutum ba. Kayan aikinsa tawul ne da ruwan zafi, man shafawa, safar hannu, ƙaramin madubi, sai wani ƙoƙon kan mutum na roba, mai muƙamuƙin da ke buɗewa yana rufewa, wanda yake nuna wa marasa lafiya inda ciwonsu yake.

Wannan ƙoƙon kai ya taɓa watsa kasuwar Goronyo. Malam Mode yakan je can duba waɗanda ba su iya zuwa Wurno. Wata rana yana ratsa kasuwa igiyar jakarsa ta tsinke, ƙoƙon ya faɗo, ya yi ta mirginawa har gaban masu tumatir, ya tsaya baki buɗe yana kallon jama'a. Kafin ka ce kwabo wurin ya zama fili. Malam ya kafe babur, ya bi abinsa ya ɗauka, ya goge masa ƙura da hannun riga. Da mutane suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, sai wata murya ta taso daga rumfar 'yan albasa.

“Malam, wanga dai ga alama kai kay yi mai magani. Ga shi kau ya samu lahiya.”

Kasuwa ta kwashe da dariya, har da Malam Mode. Ya ɗaga ido ya ga mai maganar, wani ƙaƙƙarfan mutum da waya maƙale tsakanin kafaɗa da kunne, kumatun dama kuma ya kumbura da goro. Ya ce masa, “Shi bai da surutu, Alhaji, shi yas sa muke shiri.” Ya mayar da ƙoƙon jaka ya yi gaba.

Wannan shi ne Alhaji Isma'ila, dillalin albasa. Bakinsa shi ne gonarsa. Manoman Goronyo, har da na ƙasar Rabah irin su mutanen Maikujera, a hannunsa suke damƙa albasarsu, shi ke tsayawa ya kare musu ciniki da fataken da ke zuwa daga kudu da manyan motoci. An ce idan ya fara yabon albasa, mai saye kan manta cewa abin miya ake magana a kai.

Ciwon ya fara masa da ɗan ƙas a gaban kunne duk lokacin da ya yi hamma. Daga nan sai ciwon kai, sai ya riƙa tashi da safe muƙamuƙi a sanƙare. Ya ɗiga maganin kunne, shiru. Ya je wurin wani mai cire haƙori a bakin kasuwa aka tumɓuke masa turmi guda lafiyayye, wanda bai ci ba bai sha ba, ciwo yana nan. Aka yi masa ƙaho a ƙeya. Ya fara kallon wani abokin dillancinsa da wutsiyar ido, yana zargin jifa. Ana cikin haka baki ya ƙi buɗewa yadda lomar tuwo za ta shiga. Kuma abin ya zo daidai lokacin da aka tone albasa, zafi ya kama, motoci sun jeru. Albasa ba ta jiran kowa. Idan ta kwana biyu a tare cikin zafi sai ta fara ruɓa daga ƙasa, wahalar da mutane suka sha duk rani wajen ban ruwa ta tafi a banza.

Likitan haƙori da ya gani a Sakkwato shi ne ya duba ya ce sauran haƙoransa ba su da laifi, gaɓa ce da tsoka, ya koma wurin mai gashin ƙashi, ga shi nan kusa da su a Wurno.

Malam Mode ya gane shi tun daga ƙofa, ko da yake ya rame, riga ta yi masa yawa. Matarsa Hajiya Kaltume ce ta rako shi, ita ce kuma bakinsa.

“Malam, mun zaka da maigida. Bakinai ya ƙi buɗewa.”

Malam Mode ya ba su wurin zama. Ya jawo jaka, ya fito da ƙoƙon kai, ya ajiye shi a kan tebur yana fuskantar Alhaji.

“Ga abokinka na gaishe ka,” ya ce.

Alhaji Isma'ila ya so ya yi dariya, ciwo ya tare shi, ya dafe kumatu, hawaye suka cika masa ido. Daga nan Malam bai ƙara tsokanarsa ba. Ya ga abin da ya saba gani a idon masu wannan ciwo, tsoron mutumin da ya soma zaton bakinsa ya rufe ke nan.

Ya tsaya ya ƙare masa kallo. Kai a karkace yake zuwa hagu, kafaɗar hagu ta fi ta dama tudu. Ya taɓa kumatun dama ya ji tsoka ta ƙulle kamar dutse. Ya sa yatsu a gaban kunnuwansa ya ce ya buɗe a hankali, haɓa ta zame gefe guda.

“Hajiya, shina cizon haƙora cikin kwana?”

“Kamar injin niƙa, Malam. Balle ranar da kasuwa taf faɗi.”

“Goro fa?”

“In ka ga bakinai ba goro, to salla shikai.”

Alhaji ya yi wani gurnani na rashin yarda, amma babu bakin musu.

Malam Mode ya ɗauki ƙoƙon ya nuna musu. Ya ce muƙamuƙi gaɓa ce kamar gwiwa, a nan gaban kunne take rataye, da ɗan matashi a tsakani, tsokoki kuma ke ja suna saki. Na Alhaji sun zama jakin da ba a sauke wa kaya: da rana magana da goro a gefe guda, waya ta murɗe wuya, da barci kuma cizo. Jaki ya gaji ya kwanta a hanya. Duka ba zai tashe shi ba, sai an sauke kaya an ba shi ruwa.

Ya jiƙa tawul da ruwan ɗumi ya naɗa masa a kumatu. Da tsoka ta ɗan saki ya shafa mai ya fara murzawa a hankali, daga gefen goshi zuwa kumatu, ya gangara wuya da kafaɗa. Sannan ya sa safar hannu.

“Yanzu yatsana zai shiga ciki. Doka guda ce a ɗakin nan, Alhaji, ba a cizon likita.”

Bayan nan ya miƙa masa madubi ya koya masa aikin gida. Ya ɗora kan harshe a dasashin sama bayan haƙoran gaba, ya buɗe baki sannu a hankali yana kallon haɓarsa kada ta kauce. Ya riƙa jan haɓa baya kamar kunkuru zai shige gida, don wuya ya miƙe. In yana zaune, leɓe a rufe, haƙora kada su taɓa juna. In hamma ta zo, ya tokare haɓa da dunƙulen hannu kada baki ya wage. Abinci kuwa kunu, fura, fate, tuwo mai laushi da miyar kuɓewa. Ba kilishi, ba rake, ba aya, ba goro. Waya a riƙe ta da hannu.

“Sai na ƙarshe,” in ji Malam. “A rage magana.”

A nan ne Alhaji ya matso kalmominsa na farko ta tsakanin haƙora. “Malam, gwamma a yanke man hannu.”

“Hannun muna buƙatatai, shi za ya riƙe waya.”

Da suka fita, Malam Mode ya daɗe yana wanke hannu yana tunani. Ya san inda aikinsa ke lalacewa. Ba a ɗakinsa ba ne, a gida ne, inda mutum zai ga kwanaki sun shuɗe sauƙi kaɗan ne, ya jefar da madubi ya koma neman wanda zai cire masa wani haƙorin. Ya kuma san mutum irin Alhaji, mai amanar jama'a a wuya, ba zai zauna gida ba. Saboda haka da ranar zuwansa Goronyo ta zagayo, yana gama duba mutanensa sai ya zarce rumfar 'yan albasa da fulas ɗinsa.

Ya tarar labari ya riga ya bazu cewa Alhaji Isma'ila ya gamu da iska, don an gan shi bayan buhuna yana yi wa madubi gwalo yana shigar da wuya. Malam ya zaunar da shi a kan buhu, ya gasa masa kumatu, ya murza. Suna cikin haka wani babban falke daga kudu ya iso da yaran motarsa, yana son tarin albasar mutanen Maikujera gaba ɗaya. Manoman suka matso, shugabansu wani dattijo Baba Abdulƙadir a gaba, fuskokinsu duk damuwa, don tarin ya soma wari daga ƙasa, dillalinsu kuma ba baki.

Falke ya taya. Tayin wulaƙanci ne, irin wanda da can Alhaji zai yi masa huɗuba a kai. Kumatunsa suka motsa, ya kalli Malam Mode, Malam ya kalle shi. Sai ya haɗiye huɗubar, ya girgiza kai kawai.

Falke ya san Alhaji da daɗewa, bai taɓa ganinsa shiru ba. Ya ɗan ƙara. Alhaji ya ji wuyansa na ɗaurewa saboda takaici, ya tuna darasi, ya ja haɓa baya, ya miƙe zaune yana kallon gaba. Falke ya ɗauka raini ne, ya sake ƙarawa, ya fara rantsuwa da tsadar man mota. Ana nan hamma ta taso wa Alhaji, ya tokare haɓa da dunƙulen hannu, ya yi ta a hankali, ido a lumshe. Wannan ce ta karya falke. Ya ga mutum har barci yake ji a kan tayinsa, lallai akwai wani mai saye a ɓoye. Ya faɗi abin da manoman ba su sa rai ba. Alhaji ya miƙa hannu, ya ce, “Albarka ta ƙare. Ɗauka.”

Ana loda mota Baba Abdulƙadir ya ja Malam Mode gefe, ya rage murya.

“Likita, Allah shi saka da alheri. Amma don Allah kak ka yi gaugawa da aikin ga. Bari dai a kwashe albasa tukuna.”

Ba shi kaɗai ya kawo wannan roƙo ba. Wata safiya Malam ya ga Hajiya Kaltume a benci ita kaɗai. Ya zaci ciwo ya tashi. Ta ce a'a, sauƙi sai godiya, har ya fara cin tuwo da ƙananan lomomi. Ta kama wasa da bakin mayafi.

“Malam, dokar ga ta rage magana, ba a iya ƙara mata wa'adi? Tun da anka yi muna aure ban taɓa kai ƙarshen zance ba cikin gidan nan sai bana. Ashe in ya yi shiru shina saurare. Jiya har nag gaya mai rufin ɗakin girki na yoyo tun daminar bara, yau ga kahinta can bisa.”

Malam Mode ya yi dariya har ya share ido. Ya ce ba ya ƙara wa mutum ciwon da ba shi da shi, kuma ba ya yi wa mara lafiya ƙarya ko don gyaran rufi. Amma zai gaya wa Alhaji gaskiya, cewa muƙamuƙin da ya taɓa gajiya yana son hutu kullum, musamman bayan cin abincin dare. Abin da za ta yi da wannan hutu ya rage nata.

Sauƙin bai zo a miƙe ba. Akwai ranar da Alhaji ya dawo a tallabe, yana cewa sanyin asuba ne ya buge shi. Malam ya duba aljihun gaban rigarsa ya ga jan mai da ɓurɓushin yaji.

“Sanyin ga na da ƙuliƙuli, Alhaji?”

Ashe suna aka yi a maƙwabta, aka raba kilishi. Malam bai yi faɗa ba. Ya jiƙa tawul suka koma baya kaɗan, suka sake tasowa. Haka aka yi ta yi har damina ta kusa, ranar da Alhaji ya yi hamma mai kyau a gaban jama'a, ya tsaya yana jiran ciwo, ciwo bai zo ba. Daga ranar Malam Mode bai ƙara buƙatar talla ba. Bakin Alhaji da ya kwance, shi ne ya ɗauki labarin ya kai kowace kasuwa.

Ta haka Inna Laraba ta Rara ta zo, mai guɗar da babu bikin da ke cika sai da muryarta, wadda ta daina zuwa biki don kunya tun da muƙamuƙinta ya fara kamawa a tsakiyar guɗa. Ranar da ta warke, a baranda ta gwada guɗar, ma'aikata suka fito suna tambayar wa ya haihu. Ta haka 'yan kabu-kabu suka zo, masu datse haƙora a kan hanya mai ramuka tun safe har yamma. Ta haka kuma aka kawo wani dattijo daga Rabah yana kukan muƙamuƙin hagu. Malam ya tambaye shi yaushe ciwon ke tashi, ya ce in ya yi tafiya, kuma ƙirji kan yi nauyi, zufa ta karyo. Malam ko tawul bai jiƙa ba. Ya kama hannunsa ya kai shi gaban likita a take, ya ce a duba zuciya. Dattijon yana nan da ransa, bana ma ya yi noma.

Malam Mode, kai ne ka koya mana cewa ba kowane ciwo ke son allura ba, kuma kai ne ka san wanda ba naka ba ka miƙa shi ga mai shi. Kai ne ka sa hannu a bakin mutanen da suka yi maka ba'a, ba ka rama da komai ba sai ruwan ɗumi. Mai haƙuri da mai taurin kai, mai sauke wa jaki kaya. Shekara sama da talatin kana murza wuyan manoma da kafaɗun masu dako, ba wanda ya rubuta sunanka a jikin gini, amma akwai gidaje da yawa tsakanin Wurno, Rabah da Goronyo da ake cin tuwo ana hira a cikinsu saboda kai.

Bana ya ajiye aiki. Abokan aikinsa da waɗanda suka ratsa ta hannunsa suka haɗa masa walima a harabar asibiti, aka gasa rago. Aka yi kuskuren ba Alhaji Isma'ila jawabin godiya. Ya fara daga tarihin albasa. Nama ya huce, inuwa ta juya, yana nan bai iso kan Malam ba. Wani ma'aikacin jinya ya sunkuyo ya raɗa wa mai walima, “Malam, kai kaj jawo muna wanga.”

Da aka samu ya zauna aka raba nama, sai wurin ya yi tsit. Malam Mode ya ɗaga kai ya ga abin da ke faruwa. Kowa ya miƙe wuya, ya yanka 'yar ƙaramar tsoka, yana taunawa a hankali, dama sannan hagu, yana satar kallonsa. Manyan mutane masu furfura suna cin nama kamar ana yi musu jarrabawa.

“Ku ci namanku,” ya ce. “Na aje aiki.”

Mun gode, Malam. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya sa abin da hannuwanka suka yi ya tsaya maka ranar da ba mai tsaya wa wani. Mu kuma da muka rage, wanda ya ji ciwo a gaban kunne ya nemi masana tun kafin ya ba da haƙorinsa sadaka. Samari da 'yan matan ƙasar nan masu neman abin da za su karanta, ga aiki nan da bai da hayaniya, kuma mutum guda ne ya riƙe mana shi duk tsawon wannan lokaci. Matanmu da yawa sun fi son hannun mace, ba su samu ba. Gobe da safe benci zai cika kamar kullum. Saura wanda zai wanke hannu ya ce na farko ya shigo.